Elizabeth Blackwell, mace ta farko da ta sami digirin likita a Amurka

An haifi Elizabeth Blackwell ne a birnin Bristol na Ingila a shekarar 1821, iyayenta suka yi ƙaura da ita zuwa Amurka a 1832.

Wata ƙawarta da ke jinyar ajali ce ta cusa mata sha'awar aikin likita, bayan da ta koka cewa da mace ce ke duba ta, da wahalarta ta ragu.

Makarantu da dama sun ƙi karɓarta. Kwalejin Geneva da ke jihar New York ta bar wa ɗalibanta maza wuƙa da nama, su kuwa suka amince bisa zaton wasa ne. Wasa ya zama gaske: ita ce ta zo ta ɗaya a ajinsu a 1849.

A birnin Paris ta ɗauki cuta daga wani jariri, ta rasa ido ɗaya, abin da ya hana ta zama likitar tiyata.

A 1857 ta buɗe asibitin mata da yara marasa galihu a New York tare da ƙanwarta Emily, sannan kwalejin horar da likitoci mata a 1868.

Ta mutu a garin Hastings na Ingila a 1910.