Taƙaitaccen Tarihin Farfesa Benjamin Osuntokun (1935–1995)

An haifi Benjamin Oluwakayode Osuntokun a garin Okemesi, cikin Jihar Ekiti ta yanzu, a shekarar 1935. Ya kammala karatun likita a Ibadan a 1961, ya ƙaro ilimin cututtukan jijiya da ƙwaƙwalwa a Newcastle ta Ingila, sannan ya dawo gida ya zama farfesa a 1970.

Aikin da ya fara fito da sunansa a kan rogo ne, abincin da ko a Jambutu ba baƙo ba ne. A yankin Epe da Ijebu ya tarar da talakawa masu tafiya suna tangaɗi, ganinsu da jinsu na raguwa. Bincikensa ya danganta ciwon da dafin sayanaid da ke cikin rogon da ba a jiƙa an sarrafa shi sosai ba, musamman ga wanda kusan kullum rogon ne cimarsa. Shi da abokan aikinsa sun gwada ba majinyatan bitamin B12 da B2, sakamakon da suka wallafa a 1970 kuwa ya nuna babu wani sauƙi. Bai ɓoye ba, kuma a ganina nan ne dattakunsa ya fito.

A 1992 ya haɗa hannu da Hugh Hendrie na Amurka suka fara kwatanta tsofaffin Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata na Indianapolis. A 1995 aka bayyana cewa cutar mantuwa ta kama kashi 2.29 cikin ɗari a Ibadan, can kuwa kashi 8.24. Wannan tazara ta sa masana suka ƙara mai da hankali ga cima da yanayin rayuwa.

Daga cikin abin da aka sa wa rai har da ƙwayoyin antioksidan, waɗanda ake cewa suna hana ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa lalacewa, irin waɗanda ake gani jere a kantunan magani na Jimeta. Sai dai babban gwajin da aka yi a kan maza fiye da 7,000, wanda aka wallafa a Amurka a 2017, ya nuna bitamin E da sinadarin seleniyom ba su hana cutar mantuwa ba. Haka ganyen ginko ya gaza a gwajin 2008.

Osuntokun bai ga waɗannan ba. Ya shugabanci Asibitin Koyarwa na Ibadan daga 1985 zuwa 1990, ya rasu a Kambirij ta Ingila a watan Satumba na 1995 yana da shekara 60.