Agabba, Sarkin Adar

Wanda ya tashi daga Madawa ya yi arewa, ya wuce Buza, ya kama hanyar Keita, zai ga ƙasa ta sake kama. Rairayi ya ragu, sai dutsi da fako da tuddai masu baƙar tsakuwa. Tsakanin tuddan kuma ga kwaruruka masu albarka, inda ake noman dawa da albasa. Wannan ƙasa ita ce Adar. Yau za mu karanta labarin mutumin da ya kafa sarautarta. Sunansa Muhammadu Agabba.

Ba a Adar aka haifi Agabba ba. Ɗan sarki ne daga Agadas, babban birnin Abzin. Ubansa shi ne Sarkin Abzin Muhammadu Almubarak, wanda ya hau gadon sarauta a shekarar 1654. Gidansu tsohon gida ne, tun wajen shekarar 1405 suke sarauta. Ana kiran zuriyarsu Istambulawa, saboda wani labari na kaka da kakanni da ke cewa daga birnin Istambul aka ɗauko sarkinsu na farko.

Abzin ƙasar duwatsu ce, ruwan sama kaɗan ne. Akwai raƙuma, akwai dabino, ga kuma gishirin da ake ɗaukowa daga Bilma da Fashi. Amma hatsi ba ya isa. Tilas ayari ya gangaro kudu da gishiri, ya koma da hatsi da tufafi da goro. Ashe ke nan duk wanda ya riƙe hanyar kudu ya riƙe maƙogwaron Abzin. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin nan kuwa ta cikin Adar ta bi.

A lokacin nan Adar tana ƙarƙashin Kabi. Kun san labarin Kanta. Shi ne ya raka Askiya Muhammadu na Songai yaƙin Agadas a shekarar 1515. Da suka dawo suka ɓata a kan rabon ganima, Kanta ya ɓalle, ya gina birnin Surame, ya kafa daula mai ƙarfi. Tun daga zamaninsa mutanen Adar suke kai gaisuwa ga sarakunan Kabi. Mutanen nan su ne Azna. Hausawa ne, manoma da maharba da maƙera. Kowane gari yana da nasa babba, wanda ke kula da al'adun ƙasa da buɗin daji da roƙon ruwa. Ba su da sarki guda wanda ya haɗa su duka.

A shekarar 1674 Sarki Almubarak ya ɗaura yaƙi, ya ba ɗansa Agabba jagorancin runduna. Ku dubi tafiyar: daga Agadas zuwa Adar kwana da kwanaki ne, cikin daji mai ƙarancin rijiyoyi. Mayaƙan suna bisa raƙuma da dawaki, da takoba da mashi da garkuwar fata. Suka haɗu da rundunar Kabi, aka gwabza, Kabi ta karye. Daga ranar nan Adar ta fita hannun Surame, ta koma hannun Agadas.

Kada mu ɗauka kowa ya yi murna. Yaƙi ba biki ba ne. Manomin Adar ya ga an canza masa ubangida ne, gaisuwar da yake kaiwa kudu ta juya arewa. Sai dai Azna sun ci gaba da riƙon gonakinsu da al'adunsu, baƙin ba su raba su da su ba.

Agabba bai zauna ba, ya koma gida. Amma ya bar mutanensa su tsare masa ƙasar. Cikinsu waɗanda suka fi suna su ne Lisawan, wani reshe na Abzinawa. Manyansu suka riƙa karɓar haraji da sunan sarki, ɗayansu ana ce masa Amattaza. Suka zauna, suka yi aure, suka hayayyafa. Jikokinsu ne ke riƙe da sarautar Keita.

A shekarar 1687 Almubarak ya rasu, aka naɗa Agabba. Ya yi shekara 34 yana sarautar Abzin. Zamanin gidansu ne Agadas ta yi ƙarfi ƙwarai, ta yi karo da Barno a gabas, ta yi karo da Zamfara da Gobir a kudu. Fatake suna shiga suna fita, daga Gat da Gadamas, daga Kano da Katsina.

To, amma sarautar Agadas tana da wuyar riƙo. Sarkin ba shi da rundunar kansa mai yawa. Manyan kabilun Abzinawa ne suke naɗa shi, don ya raba musu gardama, ya tsare hanyar ayari. Hannun da ya naɗa rawani kuwa shi ke iya kwance shi. In kabilu suka juya wa sarki baya, ba abin da ya rage masa sai fita. Haka ta faru ga Agabba. A shekarar 1721 aka tuɓe shi, aka ɗora ɗan'uwansa Muhammadu Al'amin. Shi ma bai daɗe ba aka sauke shi, Agadas ta shiga zamanin naɗi da tuɓewa.

Ku ƙidaya da kanku: daga 1674 zuwa 1721 shekara 47 ke nan. Saurayin da ya ci Adar ya zama tsoho mai furfura, ga shi ba gado, ba gari. Wani da sai ya nemi inuwa ya kwanta. Agabba ya ɗaura kaya, ya ɗauki iyalinsa da waɗanda suka ƙi rabuwa da shi, ya sake bin hanyar da ya bi yana yaro. Wancan karo ya zo da takobi, wannan karo ya zo neman wurin zama. Mutanen da ya bari tun dā suka karɓe shi. Ya kafa fadarsa a wurin da ake kira Birnin Adar.

A nan ne aikin da ake tunawa da shi ya soma. Dā Adar gefen ƙasar wasu ce, yau ta Kabi, gobe ta Abzin. Da zuwan Agabba sai ta sami sarkinta, mai zaune cikinta. Aka tsara mulki: ga sarki da fadawansa, ga manyan Lisawan da ke da baki wajen zaɓen sabon sarki, ga manyan Azna masu ƙasa, ga malamai. Ba kullum suke shiri ba, amma tsarin ya daɗe. Agabba ya yi shekara 17 yana Sarkin Adar, ya rasu a shekarar 1738, shekara 64 bayan yaƙinsa da Kabi.

Ƴaƴansa da jikokinsa suka gaje shi. Sannu a hankali suka zama Adarawa, Hausa ta zama harshen gidansu. Fada ta tashi daga Birnin Adar, daga baya ta tabbata a Illela, inda Sarkin Adar yake zaune. Hanyar da ya buɗe kuma wasu suka biyo ta. Cikin ƙarni na 18 Kel Geres suka baro Abzin suka gangaro kudu, su ne muke maƙwabtaka da su a ƙasar Madawa, wajen Galma da Arzarori.

Yawancin labarin nan a bakin tsofaffi da cikin tsofaffin takardun Larabci na Agadas aka same shi. Malam Jibo Hamani, masanin tarihi ɗan Nijar, ya bi garuruwan Adar yana tambaya yana rubutawa, littafinsa ya fito a shekarar 1975. In kun je Tawa, ku ce a nuna muku babbar makarantar sakandaren da aka sa wa sunan Agabba.