Edward Meyrick, malamin makarantar da ya raɗa wa tsutsar tumatir suna

Edward Meyrick malamin makaranta ne ɗan ƙasar Ingila da ya rayu tsakanin 1854 da 1938. Harsunan Latin da Girkanci ya koyar tsawon aikinsa, amma abin da ya raya sunansa shi ne ƙananan ƙwarin nan masu fukafukai da Hausawa ke kira faɗa-wuta, waɗanda ke kewaya fitila da dare. Ya siffanta nau'i fiye da 14,000 na ƙananansu, ya raɗa wa kowanne suna, adadin da da wuya a sami wani mutum guda da ya kai shi a wannan fanni. Cikinsu har da ƙwaron da tsutsarsa ta cinye gonakin tumatir a Arewacin Najeriya a 2016, wadda manoma ke kira sharon, 'yan jarida kuma suka yi mata laƙabi da Ebolar tumatir. Duk jami'in gonar da ya buɗe takardar bincike a kan wannan annoba, a Gusau yake ko a Kano, zai tarar da sunan Meyrick maƙale da sunan ƙwaron, tare da shekarar 1917.

Haihuwa da karatu

An haife shi ranar 25 ga Nuwamba, 1854, a garin Ramsbury da ke gundumar Wiltshire a kudancin Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne, kuma sunansu ɗaya. Ya yi karatu a Kwalejin Marlborough da ke kusa da garinsu, inda ɗalibai ke da ƙungiyar nazarin halittu, kuma tun yana yaro ya kamu da son tara ƙwari. Daga nan ya wuce Kwalejin Trinity ta Jami'ar Cambridge, ya karanci Latin da Girkanci, ya kammala a 1877. Wannan karatu ya yi masa rana daga baya, domin ƙa'idar masana ita ce a raɗa wa kowace halitta suna mai kalma biyu da Latin ko Girkanci, ta farko sunan dangi, ta biyu sunan nau'i. Mutumin da zai ƙirƙiro dubban sunaye ba tare da maimaita ɗaya a dangi guda ba, dole ya kasance harsunan biyu sun zauna masa.

A shekarar da ya gama jami'a ya shiga jirgin ruwa zuwa Ostireliya don aikin koyarwa. Ya koyar a Sydney da Parramatta, ya kuma yi wani lokaci a Christchurch ta ƙasar Niyu Zilan. A waɗannan ƙasashe ya tarar da ƙananan faɗa-wuta birjik, akasarinsu babu wanda ya taɓa rubuta komai a kansu. Idan an tashi makaranta ko an ba da hutu, sai ya ɗauki ragarsa ya shiga daji. Daga 1878 ya fara buga sakamakon bincikensa a mujallar ƙungiyar Linnean Society ta New South Wales, kuma har yau masana a ƙasashen biyu na ɗaukarsa a matsayin wanda ya aza harsashin wannan ilimi a wurinsu.

Bayan kimanin shekara tara ya koma gida, ya karɓi aikin koyarwa a tsohuwar makarantarsa ta Marlborough, inda ya zauna har ya yi ritaya a 1914. A 1895 ya fitar da littafinsa A Handbook of British Lepidoptera, wanda ya sake tsara yadda ake rarraba faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi na Birtaniya. A 1904 aka zaɓe shi ɗan Royal Society, babbar majalisar masana kimiyya ta ƙasar.

Masu haƙa rami a cikin ganye

Ganyen da ake gani siriri yana da fata biyu, ta sama da ta ƙasa, da tsoka kore a tsakaninsu. Akwai ƙananan faɗa-wuta da macensu ke saka ƙwai a kan ganye, idan tsutsa ta ƙyanƙyashe sai ta huda fatar ta shige ciki, ta riƙa cin tsokar tana barin fatun biyu a matsayin rufi da daɓe. Abin da ido ke gani daga waje shi ne wani farin zane mai lanƙwasa kamar sawun maciji a yashi, ko wani tabo mai ɗaukar haske, da ɗigon baƙin kashinta a ciki. Siffar ramin da irin tsiron da aka same shi a kai sukan nuna wa masani ko wane nau'i ne, tun kafin ya ga ƙwaron.

Wannan ɗabi'a ta yawaita a dangogi da dama. Dangin Nepticulidae su ne mafi ƙanƙanta, wasunsu buɗin fukafukansu bai wuce milimita uku ba. Dangin Gracillariidae kuwa kusan dukkansu mahaƙa ganye ne, kuma a cikinsu ne ake da wanda ke zana farin layi mai sheƙi a kan sabon ganyen lemo har ya nannaɗe shi. Henry Tibbats Stainton, wanda ya riga Meyrick a wannan fage, shi ya raɗa wa na lemon suna a 1856. Shi ne kuma ya jagoranci wallafa littafi mai juzu'i 13 a kan tarihin rayuwar waɗannan ƙwari tsakanin 1855 da 1873, cikin harsuna huɗu. Stainton ya fi mayar da hankali ga na Turai, yana kiwon tsutsa har ta zama ƙwaro. Meyrick ya ɗauki duniya baki ɗaya, ya kuma wallafa cikakken tsarin dangin Gracillariidae a 1912, da na dangin Gelechiidae a 1925. A wannan dangi na biyu ne ƙwaron tumatir yake.

Yadda yake aiki

Kayan aikinsa ba su da yawa: gilashin hannu mai ƙara girman abu, da allurai, da akwatuna. Ya dogara ne ga jijiyoyin fiffike, wato siraran layukan da ke riƙe da fiffiken, da siffar kai da gaɓoɓin baki. Yadda jijiyoyin suka rarrabu ko suka haɗe shi ke nuna masa wane ƙwaro ne ɗan uwan wane. Ya kuma kafa wa kansa ƙa'idoji na gane asali, ciki har da cewa gaɓar da wani dangi ya rasa gaba ɗaya ba ta sake dawowa a zuriyarsa.

Da sunansa ya bazu, sai akwatuna suka riƙa zuwa gidansa a Marlborough daga Indiya, da Afirka, da Kudancin Amurka, da tsibiran teku. Masu aiko su sun haɗa da gidajen adana kayan tarihi, da matafiya, da jami'an gona na ƙasashen da Birtaniya ke mulka, waɗanda ke son sanin sunan abin da ke ɓata amfanin gona. Mujallu suka kasa ɗaukar yawan rubutunsa, don haka a 1912 ya fara buga tasa da kuɗin aljihunsa, mai suna Exotic Microlepidoptera. Ya ci gaba da fitar da ita har 1937, kuma a cikinta kaɗai ya siffanta nau'i kusan 7,000, kowanne a 'yan layuka, ba tare da zane ba.

Mutum ne mai tsauri a kan suna. Wani masani ɗan Amurka, William Kearfott, ya raɗa wa wasu ƙwari jerin sunaye marasa ma'ana, yana sauya harafi kawai, irin su bobana da cocana da dodana. A 1912 Meyrick ya buga maƙala yana watsi da su, ya kawo nasa masu ma'ana a madadinsu. Sai dai dokar masana ta ce sunan da aka fara bugawa shi ne suna, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Sunayen Kearfott ne suka tsaya.

Ƙwaron da ya zo daga Huancayo

A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Meyrick ya buga bayanin wasu ƙwari na Kudancin Amurka. Cikinsu akwai wani namiji guda ɗaya, mai launin toka da ɗigon baƙi, da aka kamo a Huancayo, wani gari da ke kan tsaunukan Andes a ƙasar Peru, sama da mita 3,000 daga doron teku. Ya sa shi a dangin Phthorimaea, wanda shi da kansa ya kafa a 1902, ya kira shi Phthorimaea absoluta. A lokacin ƙwaro ne kamar sauran dubban da suka ratsa teburinsa.

Daga shekarun 1960 ne ya zama abin tsoro ga manoman tumatir a Kudancin Amurka. Masana suka yi ta sauya masa dangi, har a 1994 masanin ƙasar Cek, Dalibor Povolný, ya mayar da shi Tuta absoluta, sunan da aka fi saninsa da shi. A ƙarshen 2006 aka gan shi a gabashin Sifaniya. Cikin 'yan shekaru ya mamaye ƙasashen bakin Bahar Rum da Arewacin Afirka, ya ƙetaro Sahara, aka tabbatar da shi a Najeriya a 2015. A 2016 Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano ta dakatar da aiki saboda rashin ɗanyen kaya, farashin kwando ya ninka sau da yawa a kasuwanni. Annobar ta sake dawowa da ƙarfi a 2023.

Tarihin rayuwar ƙwaron shi ke bayyana ɓarnarsa. Tsawonsa bai wuce milimita bakwai ba, da dare yake yawo, da rana ya ɓuya a ƙarƙashin ganye. Mace ɗaya na iya saka ƙwai har 260. Cikin 'yan kwanaki tsutsa ta fito ta shige ganye, ta sake fata sau uku tana girma, ta kuma huda kara da 'ya'yan tumatir ɗin kansu, ruɓa ta biyo baya. Idan ta ƙoshi sai ta kulle kanta a ƙasa ko a ganye, ta fito da fukafukai. Zagayen gaba ɗaya kan ɗauki kusan wata guda, zafi kuma na gaggauta shi, ta yadda a shekara ɗaya za a iya samun zuriya goma zuwa goma sha biyu. Shi ya sa ɓarnar kan tsananta a ƙarshen rani, lokacin da zafin bazara ya kama. Maganin feshi kan sauka a bayan ganye alhali tsutsar na ciki, kuma yawan maimaita magani iri ɗaya na sa zuriyar da ta tsira ta daina jin sa.

A nan ne amfanin suna ya fito. Da aka tabbatar cewa ƙwaron da ke Kadawa shi ne na Huancayo, sai binciken shekaru hamsin da aka yi a Brazil da Ajantina da Chile ya zama abin ɗauka. An riga an san ƙamshin da macen ke fitarwa don jan namiji, an kuma haɗa irinsa ana sawa a tarko. An san magungunan da ya riga ya bijire wa. An san yana rayuwa a dankalin Turawa da gauta da sauran dangin tumatir, don haka barin tsohon kara a gona ko maimaita shuka iri ɗaya a fili ɗaya ciyar da shi ne. Manomin rani a fadamun kogin Sakkwato a Gusau da Bungudu, ko mai lambu a Tsafe, da ɗan kasuwar da ke jigilar kwanduna daga wata jiha zuwa wata, duk wannan sani ya shafi jarinsu, domin a cikin 'ya'yan tumatir da kwandunan da aka zuba su ne ƙwaron ke yin doguwar tafiya.

Ba na tumatir kaɗai ba ne. A 1907 Meyrick ya raɗa suna ptychora ga wani ƙwaro da tsutsarsa ke cin ƙwayar wake a cikin kwanso, kuma ana samun sa a Najeriya. A 1913 ya siffanta leucotreta daga Afirka ta Kudu, wanda ke huda ƙwallon auduga da lemo da barkono a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Lokacin da layin dogo ya iso Gusau ya mayar da ita babbar cibiyar sayen auduga da gyaɗa, Meyrick yana kan aikinsa.

Inda ya gaza

Tun yana raye wasu masana suka gano cewa gaɓoɓin haihuwar ƙwaro, idan aka feɗe su a ƙarƙashin na'urar ƙara girma, sun fi launi da jijiyar fiffike rarrabe nau'o'in da suka yi kama. Meyrick ya ƙi wannan hanya har ƙarshen rayuwarsa. Sakamakon haka, ya haɗa wasu nau'o'i daban-daban a suna guda, wasu kuma ya ba su suna biyu. Rashin zane a rubuce-rubucensa ya sa wanda bai ga ainihin ƙwaron da ke akwatinsa ba kan sha wuya kafin ya tabbatar da abin da yake nufi. Shi kansa ƙwaron tumatir yana kama da ɗan uwansa mai ɓata dankalin Turawa, kuma da feɗe gaɓoɓin ko gwajin ƙwayar halitta ake tantance su a yau.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Ya rasu ranar 31 ga Maris, 1938, a gidansa da ke Marlborough, yana da shekara 83. Tarin ƙwarinsa, kimanin 100,000, ya koma Gidan Adana Tarihin Halittu da ke Landan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masanin Amurka J. F. Gates Clarke ya zauna a kan tarin, ya feɗe samfuran asali, ya ɗauki hotunansu, ya fitar da juzu'i takwas tsakanin 1955 da 1970. Da haka aka cike giɓin da Meyrick ya bari, aikinsa ya zama abin da masani a kowace ƙasa zai iya dubawa ya gwada.

A 2021 wasu masana suka sake nazarin dangantakar ƙwaron tumatir da 'yan uwansa, suka yanke cewa a mayar da shi dangin Phthorimaea. Hukumomi da manoma da dama na ci gaba da kiran sa Tuta absoluta, amma a sababbin littattafan masana sunansa ya koma wanda Meyrick ya ba shi da gilashin hannu a 1917.