Arthur Wharton: ɗan Accra da ya tsare raga a Ingila, ya ƙare a ramin kwal

A yau duk yaron da ke buga ƙwallo a filin unguwa, a Zangon Kumasi ne ko a Maraɗi ko Garwa, burinsa wata ƙungiyar Turai ta ɗauke shi. Baƙin mutum na farko da aka sani ya mai da ƙwallon ƙafa sana'a a Ingila ɗan Afirka ta Yamma ne, kuma ba da niyyar wasa ya tafi ba.

An haifi Arthur Wharton ranar 28 ga Oktoba 1865 a Jamestown da ke Accra, lokacin ana kiran ƙasar Gana da suna Gold Coast. Mahaifinsa, Henry Wharton, limamin cocin Methodist ne daga tsibirin Grenada. Mahaifiyarsa, Annie Grant, 'yar ƙabilar Fante ce daga gidan attajirai. Ɗan gata ne, ba ɗan talaka ba. A 1882 aka tura shi Ingila karatu don ya gaji aikin mahaifinsa.

Sai gudu ya shiga tsakani. A watan Yulin 1886, a gasar ƙasa da aka yi a filin Stamford Bridge na Landan, ya cinye tseren yadi 100, wato kusan mita 91, cikin daƙiƙa 10 cif. Ya sake cin kambun a 1887. Yana buga kurket, yana tseren keke, amma a ƙwallo, abin mamaki, mutumin da ya fi kowa gudu a Ingila sai aka sa shi a raga.

Tsaron raga a wancan zamani aiki ne na masu ƙarfin hali. Doka ta yarda ɗan gaba ya banke gola da kafaɗa, kuma gola na iya taɓa ƙwallo da hannu a ko'ina cikin rabin filinsu. Wannan ya dace da mai sauri irin Wharton. Ana ba da labarin yakan tsuguna a gefen turke kamar bai damu da wasan ba, sai an kawo hari ya zabura ya naushe ƙwallon. Ya fara da Darlington, daga nan Preston North End ta ɗauke shi, suka kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 1887, inda West Bromwich Albion ta fitar da su.

A 1888 ya bar Preston ya koma gudun kuɗi a Sheffield. A kakar da ta biyo baya ne Preston ta ci gasar lig ta farko da kofin FA ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Da ya yi haƙurin shekara guda, da wataƙila sunansa na cikin wannan tarihi.

Ya dawo ƙwallo a 1889 da Rotherham Town, wannan karon da albashi, shekara huɗu bayan hukumar ƙwallon Ingila ta halatta biyan 'yan wasa. Ba shi ne baƙin ɗan wasa na farko a Biritaniya ba: Andrew Watson ya buga wa Sikotlan tun 1881. Abin da ya bambanta Wharton shi ne rayuwarsa ta dogara da wasan. A nan kuma matsalar take. A idon masu mulki na lokacin, wasa don kuɗi aikin leburori ne, mutumin kirki don nishaɗi yake yi. Da ya nemi aiki a gwamnatin mulkin mallaka ta ƙasar haihuwarsa, ba a ba shi ba.

Sheffield United ta ɗauke shi a 1894, amma ya tarar da William Foulke, ƙaton golan da daga baya ya tsare wa Ingila raga. Wharton ya zama ɗan benci. Wasa ɗaya ya samu a rukunin farko, da Sunderland a 1895, kuma da shi ya zama baƙin mutum na farko a wannan mataki. Sauran shekarun ya yi su ne a ƙananan ƙungiyoyi, Stalybridge Rovers da Ashton North End, har ya rataye takalmi a Stockport County a 1902.

Babu fansho, babu ajiya. Giya ta shiga rayuwarsa. Ya koma aiki a mahaƙar kwal ta Yorkshire Main da ke Edlington, yana jan tarago cike da kwal, shi da aka tura Turai don ya hau mumbari. Ya mutu a Disamban 1930 yana da shekara 65, aka binne shi a kabarin da ko suna babu.

Haka kabarin ya zauna shekara 67. Sai a 1997 ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata ta Football Unites, Racism Divides ta tara kuɗi aka kafa masa dutse. A 2003 aka sa sunansa a zauren gwarazan ƙwallon Ingila, a 2014 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a St George's Park, cibiyar da 'yan wasan ƙasar Ingila ke atisaye. An sassaƙa shi yana tashi sama, hannu a miƙe, yana ture ƙwallo ta saman raga.