MALAM ABUBAKAR IMAM: SHEKARUNSA NA KOYARWA A MIDIL TA KATSINA

Gabatarwa

Duk ɗalibin Hausa da aka ambaci sunan Alhaji Abubakar Imam a gabansa, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne Magana Jari Ce, ko Ruwan Bagaja, ko kuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ni ma da haka na san shi tun ina firamare. Sai da na gama Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, Allah Ya kai ni ga riƙe alli a wata ƙaramar sakandare da ke kusa da Kafanchan, sannan na lura da wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika tsayawa a kansa ba. Kafin ya zama edita ko ɗan majalisa, Imam malamin makarantar Midil ne, ya shafe wajen shekara shida yana fama da yara tsararrakin waɗanda na koyar. A kan wannan ɓangaren nake so in yi tsokaci, musamman ganin cewa da yawa daga cikinmu aji ne ke jiranmu bayan kammala digiri, ko muna so ko ba ma so.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a yau yake cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne, don mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka a gida ya fara karatun Alƙur'ani da na Larabci. Yayansa, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ya rubuta Ganɗoki, yana koyarwa a Katsina, kuma a hannunsa Imam ya zauna ya yi karatun boko. A shekarar 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya fita a 1932.

Ita wannan kwaleji Turawa sun buɗe ta ne a farkon shekarun 1920 da niyyar samar wa makarantun Arewa malamai 'yan ƙasa. Wanda duk ya gama, lardinsa ake mayar da shi ya koyar. Haka aka yi wa Ahmadu Bello, ya koma Midil ta Sakkwato a 1931. Haka aka yi wa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya koma Midil ta Bauchi a 1933. Shi kuwa Imam aka ba shi darasin Ingilishi a Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 21, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko.

Mece ce Midil?

Ya kamata mai karatu ya san irin makarantar da ake magana a kanta. A wajajen 1930 aka yi wa tsarin ilimin Arewa garambawul, aka mayar da makarantun lardi suka zama Midil. Yaro zai yi shekara huɗu a elementare, inda ake koyar da shi da Hausa. In ya yi ƙoƙari sai a ɗauke shi zuwa Midil, wadda makarantar kwana ce a babban garin lardi, ƙarƙashin kulawar En'e. A nan ne zai tsunduma cikin Ingilishi sosai. Daga nan 'yan kaɗan su wuce kwaleji, sauran su kama aikin malanta a ofisoshin En'e. A cikin shekarun 1950 aka mayar da waɗannan makarantu sakandaren lardi. In za a kwatanta ta da tsarin yau, ƙaramar sakandare ce ta fi kusa da ita.

Aikin malamin Midil bai tsaya a aji ba. Yaran an raba su da iyayensu, wasu ma ba da son iyayen aka kawo su ba, domin a lokacin mutane da yawa suna ɗari-ɗari da boko. Malami shi ne mai duba ɗakin kwana, shi ne mai fita da su filin wasa, shi ne mai raba faɗa. Ga kuma babbar matsala ta rashin abin karantawa. Yaro ya iya haɗa baƙi da wasali, amma littattafan Hausar boko 'yan kaɗan ne, mafi yawansu kuma fassara ce da Hukumar Fassara ta yi. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban yara babu littafi a hannunsu ya san abin da ke biyo baya: sai surutu, sai gyangyaɗi, sai neman izinin fita.

Gasar 1933 da Abin da Ya Biyo Baya

A shekarar 1933 Dokta Rupert East, shugaban hukumar da aka sake wa suna ta koma Hukumar Talifi a Zariya, ya zagaya garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar aka zaɓa aka buga: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Abin lura a nan shi ne, Imam da Bello Kagara da Tafawa Ɓalewa dukkansu suna aikin koyarwa ne lokacin da suka yi nasu rubutun. Ke nan a iya cewa a ɗakin malamai aka haifi ƙagaggen labarin Hausa.

East ya ga baiwar da Allah Ya yi wa wannan matashin malami, don haka a 1936 ya nemi a ba shi aronsa. Imam ya je Zariya ya yi kimanin wata shida yana rubuta Magana Jari Ce, wanda aka buga a littafi uku don amfanin makarantu. Ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, da wani littafin Indiya na labaran aku, ya sa musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. Da ya gama kuma bai zarce da zama a Zariya ba, Katsina ya koma ya ci gaba da koyarwa.

A ganina, wanda duk ya koyar da yara 'yan shekara 12 zuwa 15 zai gane hannun malami a cikin wannan littafi. Labaran gajeru ne, ana iya gama ɗaya kafin a kaɗa ƙararrawa. Akwai ban dariya a ciki, darasin kuma yana biye da dariyar. A littafi na ɗaya, aku ba shi da ƙarfin da zai tare Musa ɗan Sarki ya hana shi fita, sai dai ya riƙe shi da labari har gari ya waye. Wannan shi ne halin da kowane malami yake ciki a gaban yara masu tashen ƙuruciya. A littafi na uku kuwa, aku ya zama malami sosai, yana horar da ɗansa Fasih. Mutumin da bai taɓa ganin yadda hankalin yaro ke tashi daga aji ba, da wuya ya tsara littafi haka.

Abin da Na Gani a Ajina

Kafanchan mahaɗar jirgin ƙasa ce, shi ya sa ta tara jama'a iri-iri. A ajina akwai 'ya'yan Bajju, da Atyap, da Ham, da Kagoro, da Kaninkon, da Fantswam, da Hausawa da Fulani, har da jikokin ma'aikatan reluwe daga Kudu. Kusan dukkansu suna jin Hausa, da ita suke ciniki a kasuwa, amma rubuta ta wani abu ne daban. Sai in kwana uku ina bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, gobe kuma a rubuto mini kafa a wurin ƙafa. Wasu kuma ba ruwansu da jinsi, mace da namiji duk ya zo ne. Idan na gaji sai in tuna cewa Imam ma ya sha irin wannan ta ɗaya fuskar, domin shi Bahaushe yake koya wa Ingilishi, harshen da ke da sautukan da babu su a bakinsa.

Littafi kuwa, kwafin Magana Jari Ce guda huɗu muke da su, biyu babu bango, yara kuma sun cika aji har wasu na zaune a taga. Wata ranar Alhamis, a darasin ƙarshe, zafi ya yi yawa kuma na rasa yadda zan yi da su, sai na ajiye nahawu na buɗe labarin Kalala da Kalalatu na fara karantawa da ƙarfi. Kafin in kai inda matar ta fara taɓa kajin baƙo, ajin ya yi tsit. Da aka tashi, wani yaro da ya fi kowa ba ni wahala, wanda kullum yake can baya, ya biyo ni yana roƙon in ara masa littafin zuwa Litinin. Na ba shi ina shakkar dawowarsa. Ran Litinin ya kawo shi, ya kuma kawo wata tatsuniya da kakarsa ta ba shi da harshen Jju, ya rubuta ta da Hausa a shafi biyu. Kurakurai sun yi yawa a ciki, amma ban taɓa jin daɗin jan biro a kan aikin ɗalibi kamar ranar ba. Albashin watan bai zo a kan lokaci ba, amma na koma gida da farin ciki.

Bayan Barin Aji

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya bar Katsina ya zama editanta na Hausa, ya kuma riƙe ta fiye da shekara goma. A 1943 yana cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila tare da Nnamdi Azikiwe, tafiyar da ya ba da labarinta a cikin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya yi ɗan majalisa, ya kuma yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya a watan Yuni na 1981, yana da shekara 70.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, sau da yawa nakan ji wasunmu suna cewa koyarwa a ƙaramar sakandare aikin wanda ya rasa abin yi ne. Ba na musun cewa akwai wahala: ga yawan yara, ga ƙarancin littattafai, ga albashin da ba ya kai wa ƙarshen wata. Amma tarihin Imam ya nuna mana cewa a irin wannan aji ne mutum yake sanin abin da ke sa yaro ya saurara, da abin da ke sa ya juya baya. Da wannan sanin ya rubuta littafin da har yau, bayan fiye da shekara tamanin, malamai ke kama hankalin yara da shi daga Katsina har Kafanchan. Yaran da ke jiranmu suna buƙatar sababbin littattafai da suka dace da zamaninsu, kuma babu wanda ya fi cancanta ya rubuta su kamar wanda yake tsaye a gabansu kullum. Allah Ya jiƙan Malam Abubakar Imam, Ya gafarta masa, mu kuma Ya ba mu haƙurin zama da yara, amin.