Tachu Naito

Tachu Naito (12 ga Yuni, 1886 – 25 ga Agusta, 1970) injiniyan gine-gine ne ɗan ƙasar Japan, wanda ya yi suna wajen tsara benaye masu jure girgizar ƙasa. Shi ne ya tsara ƙirar ƙarfen Hasumiyar Tokyo.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a lardin Yamanashi. Ya kammala karatu a Jami'ar Masarauta ta Tokyo a 1910, inda ya koyi ilimin ƙarfin gini a hannun Toshikata Sano. Daga nan ya kama koyarwa a Jami'ar Waseda.

Aikinsa

A 1917 ya tafi Amurka ƙaro ilimi. Ana ba da labarin cewa a wannan tafiya ya cire allunan da suka raba cikin akwatinsa don kaya su samu wuri, sai jijjigar jirgin ƙasa ta karya akwatin. A nan ya gane cewa allunan ne ke riƙe da shi. Da ya koma gida sai ya gwada wannan dabara a gini: bangayen kankare masu rodi a tsakanin ginshiƙai, daga ƙasa har hawa na sama, domin su tokare ƙarfin da girgiza ke turo bene da shi ta gefe.

Ba a jima ba aka ga amfanin abin. An gama hedikwatar Bankin Masana'antu na Japan, wadda ya yi wa lissafi, watanni kaɗan kafin girgizar Kanto ta 1 ga Satumba, 1923, wadda ta hallaka mutane fiye da 100,000, yawancinsu a gobarar da ta biyo baya. Manyan gine-gine da dama a Tokyo sun tsattsage, amma bankin bai yi wata ɓarna ta a zo a gani ba. A 1924 Japan ta sa lissafin ƙarfin girgiza cikin dokar gini.

Hanyarsa ita ce a ƙanƙame gini ya zama ƙaƙƙarfa, ba tare da wata na'ura ba. Ɗora bene a kan matasan roba, ko sa masa nauyi mai motsi da kwamfuta ke sarrafawa don ya kashe lilo, sun yaɗu ne bayan zamaninsa.

Hasumiyoyi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya karkata ga hasumiyoyin ƙarfe: ta talabijin ta Nagoya a 1954, Tsutenkaku ta Osaka a 1956, sai Hasumiyar Tokyo mai tsayin mita 333 a 1958.

Ya rasu a Tokyo yana da shekara 84.