John Murray: Mutumin Da Ya Karanta Yashin Ƙasan Teku

Yau za mu duba rayuwar John Murray, masanin da ya nuna wa duniya cewa yashi da taɓon da ke kwance a ƙasan teku suna ɗauke da labarin inda suka fito, kuma wanda ya iya karanta wannan labari yana iya gano arzikin da wasu suke takawa ba su sani ba.

An haifi Murray ranar 3 ga Maris 1841 a garin Cobourg na ƙasar Kanada. Iyayensa mutanen Sikotland ne da suka yi ƙaura zuwa can. Yana saurayi aka mayar da shi Sikotland wurin kakansa, ya yi karatu a Stirling, sannan ya shiga jami'ar Edinburgh da niyyar koyon aikin likita. Bai kammala ba. A 1868 ya bi wani jirgin masu farautar manyan kifayen teku zuwa yankin ƙanƙara na arewa a matsayin mai duba lafiyar ma'aikata. Daga wannan tafiya sha'awar teku ta shige shi.

Babbar dama ta zo masa a 1872. Gwamnatin Birtaniya ta ɗauki wani jirgin yaƙi mai suna Challenger, aka sauke yawancin bindigoginsa, aka gina ɗakunan bincike a ciki, aka ɗora Farfesa Charles Wyville Thomson a kan tawagar masana. Murray ya samu shiga a matsayin mataimaki. Jirgin ya tashi daga Portsmouth ranar 21 ga Disamba 1872, bai dawo gida ba sai watan Mayu 1876, bayan ya tsaya wurare 362 a tekunan duniya domin awo.

To, yaya ake ɗebo ƙasa daga wurin da ido bai taɓa gani ba? Igiya suke zurawa mai tsawon kilomitoci, a bakinta an ɗaura ƙarfe mai nauyi da wani bututu. Idan ya faɗa ƙasa sai bututun ya nutse cikin taɓo ya cika, a jawo shi sama da inji. Aikin yakan ci yini guda. Abin da ya fito, Murray ne yake wankewa, ya tace, ya duba a madubin ƙara girman abubuwa, ya rubuta. Da irin wannan igiya ce, ranar 23 ga Maris 1875, suka auna zurfin da ya zarce mita 8,000 a yammacin tekun Fasifik, kusa da tsibiran Mariyana. Daga baya aka gano cewa ramin da ke wannan yanki ya kusa mita 11,000, babu wurin da ya fi shi zurfi a duniya, kuma har yau da sunan jirgin ake kiransa.

Domin mu fahimci abin da Murray ya gano, mu ɗauki misali daga gida. Yashin Gulbin Maradi, wanda ruwa yake gangarowa da shi daga ƙasar Katsina ya bi ta wajen Madarunfa, yashi ne mai haske, domin yawancinsa ɓarɓashin farin dutse ne mai tauri da ya rage bayan ruwa da rana sun cinye sauran sassan duwatsu. Irin wannan yashi shi ne ake samu a bakin manyan nahiyoyi. Amma a kewayen tsibirai irin su Mariyana, waɗanda suke jere a lanƙwashe kamar baka, da yawansu da dutse mai aman wuta, sau da yawa yashi ne baƙi ko mai ruwan toka. A cikinsa akwai gutsattsarin gilashin da ya daskare daga narkakken dutse, da toka, da ƙwayoyi masu ƙarfe a jiki, da wani dutse mai ramuka kamar soso wanda saboda rashin nauyi yake yawo a kan ruwa wata da watanni kafin ya nutse.

Bayan dawowarsu, Murray ya haɗa kai da wani masanin duwatsu ɗan Beljiyam, Alphonse Renard. Suka shafe shekaru suna auna sinadaran da ke cikin samfuran, a 1891 suka fitar da babban littafi da ya rarraba ƙasan teku gida-gida: yashi da taɓon aman wuta, yashin murjani, taɓon da ya taru daga ɓawon ƙananan halittu, da jan yumɓu na wurare masu tsananin zurfi. Murray ya lura cewa idan zurfi ya kai wajen mita 4,000 zuwa 5,000, ɓawon halittun nan mai alli yakan narke kafin ya taru, sai jan yumɓu ya rage. Rarrabawar tasu ita ce tushen da masana suka yi gini a kai.

Akwai inda binciken baya ya yi masa gyara. Shi yana ganin jan yumɓun nan daga rugujewar duwatsun aman wuta ya samo asali. Yanzu an san cewa kaso mai yawa nasa ƙura ce da iska take kwasowa daga hamada. Ashe hazon da yake rufe mu lokacin hunturu, wanda yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, wani sashensa a tekun Atlantika yake sauka. Haka nan sai a shekarun 1960 aka fahimci dalilin jeruwar tsibiran nan: wani falon ɓawon duniya ne yake nutsewa ƙarƙashin wani, ramin mai zurfi ya samu a mahaɗarsu, dutse ya narke a can ƙasa ya ɓullo sama.

Da Thomson ya rasu a 1882, nauyin buga sakamakon tafiyar ya koma kan Murray. Ya kammala shi a 1895 cikin kundi 50. Amma abin da ya sa shi ya yi kuɗi wani ɗan guntun dutse ne. A 1887 aka kawo masa samfura daga tsibirin Kirsimeti da ke tekun Indiya, kudu da Jawa. Ya auna, ya tarar da fosfat mai kyau, wato sinadarin da ake takin zamani da shi. Ya matsa wa gwamnatinsa, a 1888 Birtaniya ta mallake tsibirin, a 1897 aka kafa kamfanin haƙa wanda yake da babban hannun jari a ciki. Sai dai tarihi bai manta da waɗanda suka riƙe diga da shebur ba. Leburori ne da aka kwaso yawancinsu daga ƙasar Sin, kuma a shekarun farko ɗaruruwansu suka mutu da ciwon beriberi, wanda rashin abinci mai gina jiki yake kawowa. Riba ta tafi Landan, kaburbura suka zauna a tsibiri.

Murray ya zuba wani ɓangare na dukiyarsa a bincike. Ya jagoranci auna zurfin tafkuna fiye da 500 na Sikotland, a 1910 kuma ya ɗauki nauyin wata tafiyar bincike a arewacin Atlantika tare da masanin Norwe Johan Hjort. Ya rasu ranar 16 ga Maris 1914 a haɗarin mota kusa da Edinburgh, yana da shekara 73.

Me ya haɗa mu da wannan labari, mu da ba mu da teku? Abin da ya haɗa mu yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Yashi idan ya daɗe a binne yakan dunƙule ya zama dutse, kuma sinadaransa suna nan suna ba da shaidar asalinsa. Fosfat ɗin yankin Tawa da dutsen simintin Malbaza ragowar tsohon teku ne da ya taɓa rufe wannan yanki. Yuraniyom ɗin Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971, a cikin dutsen yashi yake, kuma masana da yawa suna danganta asalinsa da duwatsun Ayar da tokar aman wutarsu ta zamanin da. Baƙi ne suka fara karanta mana waɗannan duwatsu, su ne kuma suka fara sanin darajarsu. Saboda haka muna kira ga iyaye da hukumomi su ƙarfafa wa yaranmu gwiwa su karanci ilimin duwatsu da sinadarai, a kuma wadata jami'o'inmu da kayan awo, domin ranar da za a zauna cinikin ma'adinanmu a samu namu da suka san abin da ake sayarwa.